Neman Maci Amana: Daga Gwaska da Rantsuwa Zuwa Na'urar Gano Ƙarya

Wanda ya taso daga Birnin Katsina ya bi hanyar da ta ratsa Kurfi ta nufi Dutsin-Ma, in ya dubi hannunsa na dama, yana duban yankin da ya daɗe cikin zaman ɗar-ɗar, gama a can yamma, bayan Safana da Batsari, dajin Rugu ya shimfiɗu, kuma tun zamanin kwari da baka har zuwa wannan zamani na babur da bindiga, ta nan ne mahara suka saba ɓullowa. Hakiman wannan ƙasa, watau Yandakan Katsina da ke zaune a Dutsin-Ma, wanda gidansa ya samo asali daga Malam Muhammadu Na Alhaji, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina, da kuma Maraɗin Katsina da ke Kurfi, sun gaji wata damuwa tare da rawunansu, kowane yana bar wa na bayansa. Inda abokin gaba zai fito sananne ne ga kowa. Abin da ke hana mai mulki barci shi ne mutumin da ke cikin gari, ko ma cikin masu tsaron ƙofa, yana aika wa na daji labarin inda shanu suka kwana da ranar da mazaje suka tafi kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihin yadda aka yi ta neman hanyar gane wannan ɗan gari tun bai ci garin ba, tarihi ne mai tsawo, wanda ya faro daga ɓawon itace ya zo ya tsaya, a yanzu dai, kan wata na'ura da Amurkawa suka ƙera, wadda ake cewa tana gano ƙarya.

Hanya ta farko, wadda ita ce mafi sauƙi ga mai ƙarfi kuma mafi muni ga talaka, ita ce a tuhumi kowa. Bayan da aka kori sarakunan Haɓe daga Katsina suka koma arewa suka zauna a Maraɗi, ba su daina kawo hari ba, kuma a zamanin Sarki Siddiku ɗan Ummarun Dallaje garuruwan yankin Ruma suka yi bore suka haɗa kai da su. Siddiku ya murƙushe boren, amma da yake ba shi da ma'aunin da zai rarrabe wanda ya ci amana da wanda tsoro ya sa ya yi shiru, sai ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro. Masu tarihi sun ruwaito cewa garuruwa da yawa sun watse a lokacin, gonakinsu suka koma kurmi, kuma tsananinsa yana cikin abin da ya sa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1844. Ke nan wani sashe na dajin da ake kuka da shi yau kufai ne na mutanen da aka hukunta bisa zato, kuma maharan da aka so a toshe wa hanya su ne suka fi kowa cin moriyarsa.

Talakawa kuwa suna da nasu dabarun tun kafin Musulunci ya zauna da gindinsa. Bamaguje yakan rantse da aradu, har yau ma ba ta fita daga bakin yara ba in gardama ta yi zafi. Akwai kuma shan gwaska, wanda aka sani a ƙasar Hausa da ƙasashen da ke kudu da ita, musamman in an zargi mutum da maita: a sassaƙo ɓawon itacen, a daka, a jiƙa, a miƙa wa wanda ake tuhuma ya sha a gaban jama'a, in ya amayar an wanke shi, in kuwa cikinsa ya riƙe har dafin ya kayar da shi, sai a ce gaskiya ta yi halinta. Ba sai mutum ya yi zurfi a ilmi ba kafin ya gane cewa hukuncin ya rataya ne a kan hannun mai jiƙon, wanda shi kaɗai ya san yawan abin da ya zuba, da kuma ƙarfin cikin mai sha, alhali waɗannan biyun ba ruwansu da laifi ko rashinsa. Amma wanda zai raina mutanen da saboda wannan, ya dakata tukuna har mu iso ga na'urar.

Da Musulunci ya game ƙasa sai al'ada ta sake riga. In an yi sata a gida ko a makarantar allo aka rasa wanda ya yi, sai maigida ya sa a yi shela cewa ran Juma'a za a ja Yasin, kuma sau da yawa kafin ranar ta zo sai a wayi gari a tsinci kayan an jefo su ta katanga. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin yin haka, ba kuwa nan ne wurin warware shi ba. Abin lura kawai shi ne kayan sukan dawo tun ba a buɗe Littafi ba, ɓarawon da zuciyarsa ta ƙeƙashe kuwa yakan zauna a sahun gaba yana cewa amin.

Shari'a ce ta zo da tsari, kuma tsarinta ya ginu a kan wani tawali'u da ya kamata masu na'ura su zauna su yi karatunsa. Alƙalin da ke zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi a zamanin En'e, da littattafan fiƙihu, Risala da Muhtasar da Tuhfa, a gefen buzunsa, bai taɓa da'awar cewa yana ganin abin da ke cikin ƙirji ba. An koya masa cewa hukunci a kan zahiri yake, baɗini kuwa na Allah ne. An karanta masa ƙissar Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi furtawa, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa a kan ya yanke hukunci ga zuciyar da bai leƙa ba. Saboda haka mai da'awa shi ke kawo shaidu, in ya rasa sai rantsuwa ta hau kan wanda ake ƙara. A mazhabar Malikiyya, in dukiyar ta kai rubu'in dinari, akan tsananta rantsuwar a kai ta masallacin Juma'a. A ƙasarmu kuwa al'ada ta ƙara da cewa mutum ya yi alwala, ya fuskanci alƙibla, a ɗora masa Alƙur'ani, bayan muhuti ko wani malami ya yi masa wa'azi a kan rantsuwar ganganci da ke dulmuyar da mai ita, har akan ɗaga shari'ar kwanaki don ya je ya yi shawara da zuciyarsa.

A cikin waɗannan kwanaki ne akan ga abin al'ajabi. Sai ka ga dattijo mai gaskiya, wanda duk unguwa ta san bashin da ake bin sa ƙage ne, 'ya'yansa sun kewaye shi a zaure suna cewa, "Baba, don Allah kada ka dafa, mu za mu biya," shi ma jikinsa na ɓari, ya gwammace ya kai tunkiyarsa kasuwa da ya ɗora hannu a kan Littafin Allah saboda abin duniya. Sa'an nan ka ga wani tantiri ya taho da alwalarsa tun daga gida, ya rantse ko gezau, ya karkaɗe riga ya fita. Malaman fiƙihu sun san da haka sarai, shi ya sa ba su ce rantsuwa tana bayyana gaskiya ba, suka ce dai tana yanke husuma, sauran hisabi yana gaba. Shi ya sa kuma, a galibin da'awar dukiya, Malikawa ba su yanke hukunci da ƙin rantsuwa kaɗai, sai sun juya ta kan mai da'awa shi ma ya rantse.

Amma babin da ya fi kusa da batunmu, watau tantance mutum kafin a danƙa masa amana, shi ne babin tazkiyya. Shaida ba ta karɓuwa sai daga adali, kuma in alƙali bai san mai shaidar ba, sai a nemo mutum biyu su tsarkake shi a bayyane, shi kuma alƙali yana da nasa amintacce da zai bi unguwa ya yi tambaya a asirce. Bayan haka a yi i'izari, a tambayi wanda shaidar ta hau kansa ko yana da suka, a ba shi wa'adi ya kawo. Sharaɗin mai tazkiyya shi ne doguwar cuɗanya. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa ganin mutum yana sunkuyawa yana ɗagowa a masallaci bai kai a ce an san shi ba. Maƙwabtaka, da tafiya, da kuɗi: mai karatu ya riƙe waɗannan ukun, domin za su sake ɓullowa a inda bai zata ba.

Turawa, da suka ci Katsina a 1903, sun haramta gwaska da dangoginta, haramcin kuma ya shiga kundin laifuffuka na Jihar Arewa na 1960, wanda ake kira Final Kod. Wajen ɗaukar masu tsaro kuwa, da farko ba su sauya kome ba: dogari bawan sarki ne ko baransa, amanarsa gado ce, ubansa ya yi wa uban sarki, da aka kafa 'yan doka ma, Sarkin Katsina Dikko ɗansa Usman Nagogo ya ɗora a kansu a 1929, abin da ke nuna cewa a ganin mutanen lokacin babu tazkiyyar da ta kai jini. Bayan mulkin kai aka shiga zamanin takarda, da dokar sirrin gwamnati ta 1962, da rantsuwar kama aiki, da fayil a ofishin 'yan sandan ciki. Duk wannan bai hana abin da ya auku daren 15 ga Janairu 1966 ba, sa'ad da Birgediya Zakariya Maimalari, bayan ya tsere wa waɗanda suka far wa gidansa a Ikko, ya mutu a hannun Manjo Ifeajuna, babban jami'in ofishinsa, wanda aka ruwaito Maimalari da kansa ya tsayar da motarsa yana zaton ya gamu da nasa; Manjo Nzeogwu kuwa, da ya jagoranci ta'asar a Kaduna, ya taɓa riƙe sashen leƙen asirin soja. Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina, yana cikin manyan ma'aikatan Ma'aikatar Tsaro da suka wayi gari cikin wannan ruɗani. Kisan Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu 1976 shi ya haifi hukumar tsaro ta NSO, wadda Bakatsine Lawal Rafindadi ya riƙe a zamanin mulkin soja na Buhari, kafin a raba ta uku a 1986, tantance ma'aikata ya koma hannun SSS.

To, a can wata nahiya kuma an daɗe ana gwada wata hanya dabam. Tunanin da aka gina ta a kansa tsoho ne, mu ma muna da shi, tun da mukan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ibn Sina, a cikin Alƙanun, ya bayyana yadda likita zai riƙe jijiyar hannun majinyacin da soyayya ta kwantar, ana ambaton sunaye ɗaya bayan ɗaya, har ya ji inda bugun ya sauya. Sai dai shi ciwo yake nema don ya yi magani. A 1915 wani ɗalibin jami'ar Harvard, William Marston, ya fara gwada ƙarya da hawan jini; a 1921 John Larson, ɗan sanda mai digirin dakta a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya, ya haɗa na'urar da ke zana bugun jini da numfashi a lokaci guda; abokin aikinsa Leonarde Keeler ya ƙara mata awon gumi, ya mai da ita abin da za a ɗauka a akwati, ya kuma mai da ita haja. Tun a 1923 wata kotu a Washington ta ƙi karɓar gwajin Marston a matsayin hujja, don masana ba su haɗu a kan ingancinsa ba, shi kuwa Larson ya ƙare rayuwarsa yana nadamar abin da aka mai da ƙirƙirarsa.

Ga yadda ake yi. A zaunar da mutum kan kujera a ɗakin da ba hayaniya, a ɗaura masa bututun roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a naɗa masa abin awon jini irin na asibiti a dantse, a manna ƙananan ƙarafa a yatsunsa biyu; da can allurai ne ke zane a kan takarda mai tafiya, yanzu kwamfuta ce. Mai gwaji yana gefe yana jefo tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, yana barin kamar daƙiƙa 20 tsakanin kowace da mai bi mata. Akwai tambayar da ba ta da nauyi, irin "Yau Laraba ce?", akwai ta ainihi, irin "Ka taɓa fitar da sirrin ofis?"; akwai kuma ta tarko, wadda John Reid ya shigo da ita a 1947, irin "Ka taɓa yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya?", wadda an san duk ɗan Adam in ya ce a'a, ko dai ya yi ƙarya ko ya shiga kokwanto. Ƙa'idar ita ce wai mai gaskiya zai fi razana da ta tarko, mai laifi kuwa da ta ainihi. A nan gizo ke saƙar, domin babu wata alama a jikin ɗan Adam da Allah ya keɓe wa ƙarya ita kaɗai: zuciya takan buga don tsoro, takan buga don fushin an zarge ka da abin da ba ka yi ba, takan buga don kunya ko don tambayar ta tuno maka wani abu dabam. Na'urar ba ta furta kome. Mai gwaji ne ya tsara tambayoyin, shi ne kuma ke fassara zanen, matsayinsa bai yi nisa da na mai jiƙon gwaska ba. Babban amfanin da hukumomi ke samu daga gare ta kuwa, kamar yadda su kansu ba su musu, shi ne ikirarin da mutane ke yi kafin a ɗaura musu ita ko bayan an kwance, don sun gaskata cewa tana gani, watau kayan da ake jefowa ta katanga kafin Juma'a.

Amurkawa da kansu sun nuna abin da suka ɗauke ta, domin a 1988 majalisarsu ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikata da ita, amma ta bar wa gwamnati, kuma a 1998 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da dokar da ta hana shigar da sakamakonta a kotunan soja. Abin da aka ga bai isa a hana mutum aikin kanti da shi ba, shi aka bari yana gadin sirrin ƙasa.

Ƙissar Aldrich Ames ita ce ta fi kowace tona asirin al'amarin. Jami'i ne a hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, a sashen da ke lura da Tarayyar Sobiyet, kuma a watan Afrilu 1985 ya fara sayar wa Rashawa sunayen mutanen da ke yi wa Amurka aiki a cikinsu, har aka kashe aƙalla 10. An ɗaura masa na'ura a 1986 ya haye, aka sake a 1991 ya haye. Shawarar da iyayen gidansa na KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, suka ba shi ba ta wuce ya yi barci isasshe, ya saki jiki, ya ja mai gwajin a jika ba. Abin da ya kama shi a ƙarshe shi ne abin da Sayyidina Umar ya tambaya. Wata abokiyar aikinsa, wadda ta san shi da matarsa tun suna cikin rashi, ita ta kai rahoto a 1989 cewa mutumin nan ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, yana hawan Jaguar, alhali albashinsa na shekara bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin gidan ba. Wata ma'aikaciyar kuma ta zauna ta jera ranakun da yake ganawa da wani jami'in Sobiyet kusa da ranakun da kuɗi ke shiga asusunsa na banki, ta ga sun dace. Aka kama shi ran 21 ga Fabrairu 1994, bayan shekara kusan tara yana ɓarna, takardar shaidar na'ura biyu suna cikin fayil ɗinsa suna kare shi.

Bayan rikicin zargin fitar da sirrin makaman nukiliya a Los Alamos a 1999, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta nemi majalisar bincike ta manyan masana kimiyyar ƙasar ta duba mata lamarin, rahotonsu kuma ya fito a 2003. Sun yi adalci: sun ce in ana binciken laifi guda sananne, na'urar ta fi cankan banza nesa ba kusa ba, ko da yake ta yi nisa da kamala. Amma game da tace ma'aikata jimla, suka kawo lissafin da ya kamata duk mai mulki ya haddace. A ƙaddara ma'aikata 10,000, a cikinsu akwai maciya amana 10, a kuma kyautata wa na'urar zato fiye da yadda bincike ya tabbatar. In aka tsaurara ta don ta kama 8 daga cikin goman, za ta haɗa da masu gaskiya 1,598. In aka sassauta ta don a rage zalunci har masu gaskiyar da za ta kama su koma 39, to 2 kaɗai za ta kama daga cikin goman, 8 su wuce da takardar wankewa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: maci amana ɗaya ne cikin dubu, kuskure kaɗan a kan dubu ya fi daidai mai yawa a kan ɗaya.

Na'urar ta iso Nijeriya. A 2012 Ibrahim Lamorde, shugaban hukumar EFCC na lokacin, ya bayyana cewa za a riƙa gwada ma'aikatan hukumar da ita, kuma tun daga sa'an nan, duk lokacin da aka ji an kama wani jami'i yana sayar wa 'yan bindiga harsashi, sai an sami mai cewa a kawo ta a tace kowa. Mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma da ya faɗi haka ba za a ga laifinsa ba, domin ya ga sauran hanyoyin sun gaza a gaban idonsa. Ya ga watan Satumba 2021, sa'ad da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da nasa biyun, don a toshe bakin infoma, sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da su. Wannan kuwa hanyar Siddiku ce aka rage mata kaifi, an rasa gane mutum ɗaya an ɗaure bakin kowa, har da mai son kiran agaji. Ya kuma ga Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu 2021 ya dafa Alƙur'ani, kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, inda ajalinsa ya same shi a hannun 'yan'uwansa 'yan bindiga.

A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500, daga baya aka ƙara ɗaukar wasu. Hikimar kafa ta ita ce 'yan gari ne, sun san daji sun san mutane, haɗarinta kuma shi ne wannan ɗin dai. Da za a ɗaura wa waɗannan 1,500 na'ura bisa tsaurin da ke cikin lissafin masanan Amurka, da kimanin 240 sun faɗi ba da laifin kome ba. A Amurka wanda ya faɗi aiki yake rasawa. A ƙasar da kalmar infoma, in ta manne wa mutum a kasuwa, kan iya sa 'yan sa-kai su ɗauke shi kafin magariba, inda kuma Fulani da yawa da ba su ji ba ba su gani ba suka riga suka hallaka bisa zato, takardar da ta ce na'ura ta kama wane ba za ta tsaya a cikin fayil ba, kuma ba wanda zai yi mata i'izari.

Akwai ma abin da ya fi wannan wuya, wanda lissafin Amurkawa bai hango ba. Wace tambaya za a yi? In aka ce wa saurayi daga Wurma ko Birchi ko Tsauri, "Ka taɓa magana da 'yan bindiga ta waya? Ka taɓa kai musu kuɗi, ko mai, ko katin waya?", amsar gaskiya ga da yawa daga cikin mafi amincinsu ita ce i, domin shi ne ya yi cinikin fansar ƙanwarsa, shi ya ɗauki kuɗin a buhu ya shiga daji da su, ƙauyensu kuma ya tara harajin da aka ɗora musu kafin a bar su su girbe gero. Wannan saurayi, da jin tambayar, gumi zai karyo masa, alluran su yi tsalle. Infoman kuwa, wanda ya shekara yana cin tuwo da mutanen da yake sayarwa yana yi musu jaje, ya riga ya sami horon da KGB ba ta ba Ames ba.

Wanda ya san bambancin waɗannan biyun yana nan, ba a nesa ba. Mai unguwa ya san wanda ya sayi sabon babur alhali bai yi noma ba bai yi fatauci ba. Mai shayi ya san wanda kullum yakan tashi daga benci ya koma bayan shago in wayarsa ta yi ƙara. Mata sun san gidan da ake dafa abinci fiye da bakunan da ke cikinsa. Takardar lamuni da ake kai wa dagaci ko hakimi ya sa hannu kafin a ɗauki yaro aikin ɗamara, jikanyar tazkiyya ce, sai dai ta lalace ta fuska biyu: sau da yawa mai sa hannun bai san yaron ba, wani babba ne ya aiko shi, sa'an nan wanda ya san shi ɗin ba ya iya magana, tun da sunansa zai fito a takarda, shi kuwa a gidan da ba katanga yake kwana. Na farkon gyaransa yana hannun masu aiko yaran. Na biyun kuwa malaman Malikiyya sun riga sun yi masa tanadi, domin Shaihu Halil, a cikin Muhtasar ɗin da ya wallafa a Masar tun ƙarni na 14, da ya zo lissafa waɗanda ba a yin i'izari a kansu, ya sa mai tazkiyyar sirri a ciki, ya kuma sa halin da ake tsoron wanda ake shaida a kansa zai cutar da mai shaidar. A irin wannan hali alƙali ba ya bayyana sunan, sai dai nauyin bincike ya koma wuyansa, ya aika amintattunsa su bi diddigin maganar ta wata hanya dabam kafin ya gina hukunci a kanta.